Zaɓen Makarantar Likitan Dabbobi: Abin Da Ya Kamata 'Ya'yan Ƙasar Daura Su Duba

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ya tsaya a kara ya ga yadda ake shigo da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, waɗansu daga ƙauyukan Zango da Ɓaure da Sandamu, waɗansu kuwa daga ƙetaren iyaka, ƙasar Damagaram da abin da ya yi gaba, ba ya bukatar a gaya masa inda arzikin ƙasar Daura yake. Kafin rana ta faɗi an cika manyan motoci sun kama hanyar Kudu. A ƙauyuka kuwa, da wuya a shiga gidan da babu akuya ko tunkiya a ɗaure, manomi da yawa kuma da shanun huɗa yake taƙama. Hatta marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, a bayanin kadarorinsa na shekarar 2015, sai da ya lissafa shanu 270 da tumaki 25 da dawaki 5.

To, amma in aka shiga ajin ƙarshe na makarantun sakandaren wannan ƙasa, aka tambayi ɗaliban kimiyya abin da suke so su zama, amsar da za a fi ji ita ce likita ko injiniya. Likitan da suke nufi kuwa na mutane ne. Da wuya a sami yaron da zai miƙe ya ce shi likitan dabbobi yake so ya zama, in ma an same shi, abokansa ba za su rasa yi masa dariya ba, su ce duk karatun nan da ya sha ashe bin saniya zai ƙare da shi. Saboda haka yawancin masu shiga wannan fanni ba da niyya suke shigarsa ba. Yaro ya cika takardar Hukumar JAMB yana neman likitancin mutane, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ce ga gurbi a sashen dabbobi in yana so. Sai ya karɓa don kada ya zauna a gida shekara guda, bai san makarantar ba, bai san aikin ba, bai kuma tambayi kowa ba.

Wannan hanya ba ta dace ba. Karatun da zai ci wa mutum shekara shida, kuma shi ne zai zama abincinsa har ƙarshen rayuwarsa, bai kamata a faɗa cikinsa kamar an faɗa rijiya da dare ba. Zaɓensa ake yi, a kuma zaɓi makarantarsa da ido biyu.

Dattawan da suka ga shekarar 1983 sun san darajar wannan aiki ba sai an karanta musu ba. A shekarar ce cutar bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya, lokacin ƙasar Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, ta kashe shanu dubbai ɗaruruwa a Arewa, har aka sami makiyayan da suka wayi gari ba su da ko maraƙi ɗaya. Abin takaici shi ne, an riga an taɓa cin ƙarfin cutar da babban gangamin allurar rigakafi da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, amma da gangamin ya ƙare sai aka yi sakaci, aka bar 'yan maruƙan da aka haifa daga baya babu allura. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, aka yi shekaru ana bin garke-garke, kafin a shekarar 2011 a bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa samun wannan nasara a kanta. Waɗanda suka yi aikin kuwa likitocin dabbobi ne da malaman dabbobi, irin waɗanda ake yi wa dariya ɗin nan.

Bushiya ta tafi, amma sauran suna nan. Ciwon huhu bai bar shanu ba, haka nan harbin daji da kirci da ciwon hanta, ga sammore da shanu ke kwasowa in sun yi Kudu neman ciyawa. Waɗansu cututtukan ma ba a kan dabba suke tsayawa ba. Bakkale da tarin fuka suna iya kama mutum ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta addu'a. A 2006 murar tsuntsaye ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji cikin Jihar Kaduna, a watan Yulin 2023 kuma aka tabbatar da cutar antaraks a wata gona kusa da Suleja. Ƙasar da ke bakin iyaka, wadda dabbobi ke ratsa ta dare da rana, ita ce ta fi kowace bukatar mai ilmin da zai gane cuta tun tana kan dabba ɗaya.

Hanya uku, suna kusan ɗaya

Kuskuren farko da iyaye da ɗalibai suke yi shi ne ɗaukar duk wani karatu da aka ambaci dabbobi a cikin sunansa a matsayin likitanci. Alhali kuwa hanyoyi uku ne daban-daban.

Akwai digirin likitan dabbobi, wanda jami'a kaɗai ke bayarwa. Shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, biyar ga wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Ana bukatar kiredit biyar, wato Ingilishi da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, a jarrabawar JAMB kuma ana zana Ingilishi da darussan kimiyyar nan uku. Bayan shekarar farko ta share fage, ɗalibi zai shiga nazarin ƙirar jikin dabba da yadda gaɓoɓinta ke aiki, daga nan ya wuce zuwa ilmin cututtuka da ƙwayoyinsu da magunguna, sa'an nan a shekarun ƙarshe ya shiga asibiti, ya koyi duba marar lafiya da tiyata da karɓar haihuwa da binciken nama. A tsakanin waɗannan matakai akwai manyan jarrabawa waɗanda in mutum ya yi ta faɗuwa, sallamarsa ake yi. Mai zaton ya gudo daga wahalar likitancin mutane zai tarar cewa ita ce dai, sai ma ƙari, domin likitan mutane jiki iri ɗaya ya koya, shi kuwa sai ya san na saniya da na doki da na kare da na kaza, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai buɗe baki ya gaya masa inda ke ciwo.

Akwai kuma digirin kimiyyar kiwon dabbobi, wanda ake yi a sashen aikin gona. Ilmi ne mai amfani ƙwarai, ya shafi abincin dabbobi da inganta iri da tsarin gona, amma mai shi ba likita ba ne, doka kuma ba ta ba shi ikon yin aikin likita ba. Na uku shi ne difloma ta lafiyar dabbobi, ƙarama shekara biyu, babba ma shekara biyu, irin wadda ake yi a kwalejin tarayya da ke Vom a Jihar Filato, ko kwalejin Mando a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Waɗannan su ne magadan malaman dabbobi na zamanin En'e, kuma gaskiyar magana su ne makiyayi ya fi gani a ruga. Yaron da gidansu ba za su iya ɗaukar nauyin shekara shida ba, babu abin kunya in ya bi wannan hanya, ya fara aiki, daga baya in ya cika sharuɗɗan jami'a ya nemi ƙarin karatu. Abin da ba a so shi ne uba ya sayar da bijimi yana zaton likita zai yaye, sai ran da ɗan ya dawo da takarda sa'an nan a gane ba haka ba ne.

Tambayar farko

In ɗalibi ya tabbata likitancin yake so, to, kafin ya tambayi kyawun gine-gine ko sunan jami'a, sai ya tambayi abu ɗaya: shin Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta amince da wannan sashe? Ita wannan Majalisa, bisa dokar 1969, ita ke riƙe da rajistar likitocin dabbobi na ƙasar nan, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajistar ba shi da ikon kiran kansa likitan dabbobi, ko da ya yi shekara goma a jami'a. Amincewa biyu ake bukata, ta Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da ta Majalisar, ɗaya ba ta wadatar ba tare da ɗayar ba.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kwasa-kwasai huɗu a Jami'ar Abuja saboda rashin cika sharuɗɗa, cikinsu har da likitancin dabbobi, ɗalibai kuwa suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi bayan sun kwashe shekaru suna karatu. Daga baya jami'ar ta gyara al'amarinta, amma shekarun da yaran suka yi asara babu mai mayar musu. Yanzu da sababbin jami'o'i ke ta buɗe sassa, wannan darasi ya ƙara zama wajibi. Sabon sashe ba laifi ba ne, kowane tsoho da sabo ya fara. Sai dai mai shiga cikin rukunin farko ko na biyu ya san cewa a kansa za a koyi aski, ya kuma nemi ganin matsayin amincewar a rubuce daga Majalisar kanta, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta a tashar mota ko a waya.

Tsofaffin makarantun dai sanannu ne. Tun kafin jami'o'i, Turawan mulki sun kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, inda har yau ake sarrafa alluran rigakafi. Sassan Ibadan da Zariya sun fara cikin shekarun 1960, na Zariya da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, sai Nsukka ta biyo baya, sa'an nan Maiduguri da Sakkwato cikin shekarun 1980. Daga baya aka samu na jami'o'in aikin gona na Makurɗi da Abeokuta da Umudike, da na Abuja da Ilori da Jos, a 'yan shekarun nan kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata.

Wace dabba ake kawowa asibitin?

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita, ita ce kuma ta fi shafar ɗan ƙasar Daura. Likitanci da hannu ake koyonsa. Ɗalibin da bai taɓa zura hannu ya juya ɗan maraƙin da ya zo a karkace ba, ko ya kwantar da bijimi ya ɗinke masa rauni, takardarsa ba za ta cece shi ba ran da aka tashe shi da tsakar dare a wata ruga bayan Sandamu. Saboda haka ƙarfin makaranta yana ga asibitin koyarwarta: dabbobi nawa ake kawowa, waɗanne iri ne, akwai motar da ke fita da ɗalibai zuwa rugage da gonaki, ana kai su mahauta su koyi duba nama, ɗalibai nawa ne ke taruwa a kan dabba ɗaya.

Kowane asibiti kuwa abin da ke kewaye da shi ake kawo masa. Na manyan biranen Kudu sun fi ganin kaji da karnuka da aladu, kuma mai niyyar aikin manyan gonakin kaji ko buɗe asibitin karnuka a Legas ko Abuja zai amfana da su ƙwarai. Amma wanda ya yi niyyar komawa gida, abokan hulɗarsa su ne Bunaji da Rahaji da Bokolo, da tumaki Uda da Balami da 'Yankasa, da jar akuya, da jaki da raƙumi, da dawakin da ake hawa ran salla da ran Sallar Gani. Irin waɗannan a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Kano ake samunsu. Zariya tana da ƙarin gata, domin cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika tana maƙwabtaka da ita. Sakkwato da Maiduguri kuwa yanayinsu ya fi kama da na Daura, ƙasa ce mai rairayi da gajeren damina, dabbobinsu ma na ƙetare iyaka ne kamar na Mai'aduwa, mai son sanin raƙumi kuma can ya kamata ya dosa.

Gani ya kori ji. Kuɗin motar zuwa Kano ta Kazaure, a wuce Samaru a kwana ɗaya, bai kai kuɗin tunkiya ba. Yaro ya je tare da wansa ko malaminsa, ya shiga asibitin, ya sami 'yan aji biyar ko shida ya tambaye su. Su ne za su gaya masa abin da ba a rubuta a takardar talla ba. In kuma ya ga jini da kashin shanu zuciyarsa ta tashi, gara ya sani tun yanzu.

Batun aljihu da ƙasashen waje

Shekara shida a takarda take. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022, saboda haka mai lissafi sai ya bar sarari. Bayan kuɗin makaranta akwai masauki da abinci da littattafai da rigar aiki da takalmin roba da tafiye-tafiyen koyon aiki lokacin hutu. Tun daga 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya, amma rance sunansa, biya ake yi. A nan kusanci da gida yana da amfani, domin ɗalibin da ke Kano ko Zariya ana iya aika masa da gero da wake a motar haya, abin da ba zai yiwu ga na Nsukka ba.

Masu hali sukan yi tunanin waje. Akwai makarantar Dakar ta ƙasar Senegal, wadda aka kafa a 1968, ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci suka haɗu a kanta, cikinsu har da Nijar. Amma da Faransanci ake karatu, wanda kuwa bai iya shi ba sai ya fara da koyon harshe. Sudan ta daɗe tana karɓar 'ya'yan Arewa, sashen dabbobi na Jami'ar Khartum kuma tsoho ne, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa sai da aka kwaso ɗaliban Nijeriya karatu bai ƙare ba. Ko ina mutum ya je kuma, in ya dawo sai Majalisar ta tantance takardarsa kafin ta yi masa rajista. A tambaye ta game da makarantar tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, shi ne na 'yan mata. Yawancin awaki da kaji da ragunan da ake turkewa don layya a ƙauyukan ƙasar Daura na mata ne, da su suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su ne kuma asusunsu ran da rashin lafiya ta zo. Waɗannan dabbobi a cikin gida suke, inda namiji baƙo ba ya shiga sai da izini da rakiya. Likita mace za ta yi sallama ta shiga kai tsaye, ta yi magana da mai akuyar baki da baki. Uban da ya yarda 'yarsa ta karanta aikin jinya ba shi da hujjar hana ta wannan. Haka nan yaron da ya tashi a ruga yana jin Fillanci, ya riga ya mallaki rabin kayan aikin, domin makiyayi ba ya sakin jiki da wanda bai san sunan saniya ba.

Nauyin da ke kan hukuma

Ba a ɗora wa yara laifin duka ba. Ɗalibin sakandare ba zai zaɓi abin da bai taɓa gani ba. Kamata ya yi shugabannin makarantu su riƙa gayyato likitocin dabbobi na ofishin shiyya su yi wa 'yan aji biyar da shida bayani kafin lokacin cika takardar JAMB, domin bayan an cika an aika, gyara wahala gare shi. Malaman da ke ba ɗalibai shawara su ma su san bambancin hanyoyin nan uku, don sau da yawa daga wurinsu ruɗanin yake farawa.

Mai yiwuwa wani ma'aikaci ya ce ina amfanin tura yara karatun da gwamnati ba ta ɗaukar masu shi aiki sosai. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai likitocin dabbobi da suka gama suka koma sayar da magani ko koyarwa. Amma a duba abin da ke faruwa a inda babu su. A kasuwannin ƙauye ana baza maganin dabbobi a rana kamar goro, makiyayi ya saya ya yi wa saniyarsa allura da ka, washegari a tatse ta a kai nonon kasuwa, ko a yanka ta kafin maganin ya bar jikinta. Kuɗin da ake kashewa a haka ba kaɗan ba ne, kuma yana nuna cewa masu dabbobi a shirye suke su biya in sun sami wanda suka amince da shi. Bayan ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi, akwai hukumar killace dabbobi da tsirrai a bakin iyaka, da soja da 'yan sanda, da gonakin kaji da kamfanonin madara. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, wadda ba za ta yi aiki da teburi kaɗai ba.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar gare ta: Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. In kowace ta ɗauki nauyin yara biyu a shekara, namiji da mace, waɗanda suka nemi wannan karatu da kansu a matsayin zaɓin farko, a makarantar da Majalisa ta amince da ita, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi wa ƙaramar hukumar aiki na wasu shekaru bayan hidimar ƙasa, to, mutum goma ke nan a kowace shekara. Wani kaso na harajin da ake karɓa a kan kowace dabba a kara shi ya fi dacewa a ware don wannan, hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina kuma ta riƙe amanar kuɗin, ta riƙa biya a farkon zangon karatu. In aka fara da ɗaliban da za su cika takardar JAMB a bana, rukunin farko zai yi rantsuwar kama aiki bayan shekara shida.